Ministan da Kaka Ta Ba Lauje

Watan jiya wasu 'yan siyasa suka same ni a ofishina na lauya a Birnin Kebbi da tayin kujerar kwamishina. Sharaɗinsu ɗaya ne: in janye daga shari'ar manoman Zauro da ake son raba su da fadamarsu. Na ce su ba ni lokaci. Suna fita, ba littafin doka ne ya faɗo mini a rai ba, Kakata ce.

A Argungu muka tashi a gabanta. In an gama yankan shinkafa sanyi ya shigo, ana idar da isha'i sai ta hura wuta da kara, mu kewaye ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Ƙanen babanmu direba ne, ya taɓa zagayawa da wasu baƙi 'yan Japan cikin gonaki. Su suka ba shi labarin wani lauyan ƙasarsu da ya shiga siyasa har ya zama minista. A bakin wutar nan ya maimaita mana labarin. Kaka kuwa kunne ya yi nauyi. Lauje ta ji.

Shi ke nan ta samu tatsuniya. "Ga ta nan, daga Jafan ta hito," in ji ta. Wai wani mutum ne mai lauje, yana bin gonaki yana yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi yanka. Jama'a suka kai shi majalisa, daga can aka naɗa shi minista. Manya suka ce ya ajiye laujen nan, bai dace da babbar riga ba. Ya ƙi. Duk lokacin girbi sai ya tuɓe takalmi ya shiga taɓo.

Ni da iyayina na ce, "Kaka, lauya fa aka ce, mai shari'a."

Ta harare ni. "Ke kin cika kauɗi. To mi ab bambancinsu? Duka yanka sukai. Ke dai duba rumbun wa hatsin yat tahi."

Muka yi ta dariya har ta fusata ta kore mu. Har ta rasu ba ta yarda ta gyara ba. Allah ya jiƙanta, ina kewarta ƙwarai.

Ban san sunan ministan nan na gaskiya ba, ban kuma san yadda ya riƙe muƙaminsa ba. Na Kaka na sani, kuma da na girma na gane shi take so mu zama. Na kira 'yan siyasan nan na ce na gode, amma ba zan janye ba. An ba wani kujerar, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo. Ranar Litinin za mu koma kotu. Manoman sun roƙe ni in nema musu zaman safe, don daga can gona za su wuce.