Tabon Rana da Rediyon Kakana

Kakana na garin Jajaye ba ya rabuwa da rediyonsa. Wata shekara tashoshin nesa suka dusashe, ya zaci kunnensa ne ya fara mutuwa, har ya rage fara'a.

Da na zo hutu daga makarantarmu ta Ƙaraye, na faɗa masa abin da aka koya mana: rana tana da baƙaƙen tabo, suna yawaita su ragu duk wajen shekara goma sha ɗaya, kuma in sun ragu wasu tashoshin kan yi wuyar kamuwa.

"Yaushe za su dawo, amaryata?"

"Masana na hasashen nan da 'yan shekaru, Kaka."

Ya yi dariya. "To, zan jira."

Allah ya ja kwanansa, ya sake jin tashoshin tangaran, har ya aiko a gaya mini.