Ranar da Na Ƙi Sakin Mai Gyaran Babur

Taubashina, wanda yake koyarwa a wata firamare a Bagudo, shi ya haɗa ni da wani Ba'amurke da ban taɓa gani ido da ido ba. Ni tela ne, kuma Allah Ya yi ni da yawan tunani. In na kulle shago sai na dawo na taɓa kwaɗon, in na taɓa kuma in kama tunanin ko taɓawar ce ta buɗe shi.

Ba'amurken ɗan wasan kwaikwayo ne, kuma mawaƙi. Taubashi ya cika wayarsa da finafinansa, yakan zauna a bencin shagona yana ba ni tarihinsa sai ka ce ƙanin ubansa ne. Wai a dandamali ya fara, yana ɗaukar kujeru kafin a yarda ya rera ko baiti guda. Daga baya masu fim suka ɗauke shi. Ya fito a soja, ya fito a likita, ya tsufa yana waƙa har muryar ta koma kamar injin ban-ruwa, mutane ba su daina yi masa tafi ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowane fim da matarsa daban.

Na ce, "Taubashi, wanga mutum mata nawa gare shi?"

"Guda ɗai, tun yana saurayi."

"To waɗanga da yake aura yana saki fa?"

"Wasa ne, bagidaje."

"Ya tambayi malamai?"

Bayan an yanke shinkafa sai ya zo da labarin cewa ya shirya wasa a kan illar saurin saki, za a yi a Kaoje ranar kasuwa, kuma ni ne mijin, wai fuskata ta marar gaskiya ce. Da aka rasa macen da za ta fito a matsayin matar, sai aka samo wani ƙaton mai gyaran babur daga Bahindi, da gemunsa da komai. Ni na ɗinka masa rigar.

Matsalar magana ce guda wadda zan faɗa masa in ya ƙona tuwo, wato kalmar saki. Na taɓa ji a wa'azi cewa saki ba a yin sa da wasa. Duk ranar gwaji in an zo wurin sai in yi tari. Na je wurin limamin unguwarmu, ya yi dariya har da hawaye, ya ce mai gyaran babur ba matata ba ne. Na yarda. Amma a hanya sai na tuna ban tambaye shi ba: in ina cikin faɗa idona ya faɗa kan maiɗakina fa?

Na roƙe ta ta zauna gida ranar. Ta ce, "Malam, har inna da ƙannena za su ƙetaro daga Benin don su gan ka, ni ce zan zauna?"

Ranar wasa a sahun gaba ta zauna, ga surukata a gefenta. Mai gyaran babur ya dire mini ƙonannen tuwo, ya murguɗa baki a cikin gemu. Lokaci ya yi. Na juya dama, na hango maiɗakina ta gefen ido. Na rufe ido, sai na fi ganin ta sarai.

Taubashi ya yi raɗa daga bayan tabarmar da muka yi labule da ita. "Faɗi mana! Ba'amurke sau nawa ya faɗa?"

Na ce da ƙarfi, "Shi tasa ba ta zaune a gaba!"

Mai gyaran babur ya ga wasa zai lalace, ya shaƙe mini wuyan riga. "In ka cika namiji ka sallame ni!"

Na ce, "Yi haƙuri, tuwon bai ƙone sosai ba." Na zauna na fara ci.

Ya zage ni, na ba shi haƙuri. Ya zagi kekena na ɗinki, na ce laifina ne. Da ya rasa yadda zai yi sai ya ɗaure ƙunshin kaya ya ce shi ya yi yaji. Na bi shi ina roƙo, muka sauka daga dandamali, muka ratsa ta cikin masu kifi, jama'a na biye da mu, tsofaffi mata na guɗa. Wanda aka naɗa wa rawani don ya fito a alƙali ya wuni zaune, ba a kawo masa ƙara ba.

Taubashi ya ce na kashe masa wasa, ya tafi bai yi mini sallama ba. Ni kuwa hankalina yana kan maiɗakina, wadda ba ta ce uffan ba har muka iso gida. Na bi maganganuna ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda na furta kalmar ba, amma shirun nan nata ya hana ni sakat.

A bakin ƙofa na ce, "Muna nan dai, ko?"

"Muna nan," in ji ta. "Amma tunda na zo gidanga ba ka taɓa lallashina kamar yadda ka lallashi wancan mai gemu ba. Gobe zan ƙona tuwo in gani."

Ta ƙona shi kuwa. Na cinye, na nemi ƙari.