Famfon da Ya Ƙi Tsayawa a Fadamar Surukina

Lokacin da wannan abu ya same ni ban daɗe da tarewa a Gashuwa ba. 'Yar Nguru ce ni, na karanta ilimin kwamfuta, ina koyarwa a wata sakandare, kuma ina da rawar kai irin ta wadda ta ga hannunta ya fara faɗawa. Surukina manomin rani ne, yana noman albasa a fadamarsa da ke wajen Katuzu. Da ya sayi famfo mai aiki da hasken rana, damuwarsa ɗaya ce: dole wani ya zauna gadin ruwa, don albasa ba ta son ruwa ya kwanta mata. Ni na ce wa maigidana zan haɗa 'yar na'urar da za ta riƙa auna ruwan fangali, idan ya kai ta kashe famfon da kanta. Baba ya amince, har yana faɗa wa abokansa a ƙofar masallaci cewa matar ɗansa injiniya ce.

Na rubuta manhajar, na gwada a kwamfutata, komai daidai. Muka kai na'urar gona, Baba ya kunna ya tafi masallacin Juma'a da kwanciyar hankali. Kafin ya dawo ruwa ya shanye fangula, famfo na ta aiki abinsa. Cikin 'yan kwanaki albasar gefen kwari ta fara ruɓewa. Da na je gaishe shi na durƙusa na kasa ɗaga kai, sai ya ce 'yata, komai muƙaddari ne, kada ki sa a ranki. Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na canza ma'aunin ruwan, na canza wayoyi, na bi rubutuna layi-layi, ban ga aibu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan na ƙara layin da zai nuna mini zurfin ruwa a allo sai na'urar ta yi aiki lafiya, ina cire shi sai ta koma gidan jiya, kamar mai jin kunyar a kalle ta. Wata gwaggon maigidana ta ce ai dama wannan fadamar ba ta rasa mutanen ɓoye. Na yi dariya a gabanta, amma a zuciyata na fara tunanin ko kaina ne ya taɓu. Abinci ya daina shiga, na daina zuwa gidan surukai sai dole.

Ana haka na je Nguru suna, na biya gaida wani tsohon malaminmu na jami'a da ya yi ritaya. Ganin yadda na rame ya sa ya matsa, na zayyana masa komai. Tambayarsa ɗaya ce: shin na sa kamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen na'ura, ta ƙara wa aikin sauri? Na ce eh, amma a wanda na kai gona kawai, ban da na kwamfutata, saboda na'urar ƙarama ce. Ya sa na buɗe kwamfutar a nan kan tabarmarsa. A rubutun nawa dama na ajiye zurfin ruwa da halin famfo a tsari ɗaya, kowanne da gurbinsa, kuma ina isa gurbin zurfin ruwan ta manuni biyu, wato alamomin da ke nuna inda abu yake a ƙwaƙwalwar na'ura, ɗaya na rubuta sabon awo, ɗaya na karantawa. Sai dai kowane manuni na ba shi nau'i daban. Malam ya ce kafin kamfaila ta rage aiki sai ta bincika ko manuni biyu za su iya faɗawa gurbi ɗaya. Tunda na ce mata nau'insu daban, ta yanke cewa ba za su taɓa haɗuwa ba, don haka ta karanta zurfin ruwa sau ɗaya tun fangali na bushe, ta riƙe shi, ba ta sake dubawa ba. Layin nan da nake ƙarawa shi ke tilasta mata ta koma ta duba.

A tsakar gidanmu na Nguru na gyara, na mayar da su nau'i ɗaya, na ɗauko na'urar da dama na taho da ita, na tsoma ma'aunin a bokitin wankin Innata ina zuba ruwa da moɗa. Ruwa na taɓa alamar da na sa na ji ƙas, na'urar ta kashe. Na zube a ƙasa ina dariya hawaye na zuba, har Inna ta fito da gudu tana salati, ta zaci rasuwa aka yi.

Ban iya tunkarar Baba da kaina ba, maigidana na aika. Baba ya yarda a gwada a gefe guda, ya zauna bakin fangali da carbinsa yana kallo. Famfo ya tsaya. Ya ce a sake, ya sake tsayawa. Sai ya yi hamdala, ya ce a tambayi 'yarsa ko za ta haɗa wa ƙaninsa na Dagona irinta. Albasar kwari ta tafi, amma sauran ta yi kyau, ni kuma ranar na ci abinci har da ƙari.

Abin da na koya shi ne na'ura ba ta san nufinka ba, abin da ka faɗa mata take ɗauka, kuma a kansa za ta yi hukunci. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, kada ku ba wuri ɗaya suna biyu sannan ku ɓoye wa kamfaila. Ku gwada ainihin abin da za ku kai wa mutane, ba ɗan'uwansa da ke kwamfutarku ba, domin a ƙarshen wayar nan akwai guminsu. Idan kuma abu ya fi ƙarfinku, ku nemi na gaba da ku tun kafin ku fara zargin hankalinku.