Warƙar Ƙarshe ta Littafin Baba Sambo

Har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar da Baba Sambo ya dawo shagonmu karo na biyu ba. Ku da kuke koyon aikin nan kuna gunaguni wai na cika takura, ba na barin kaya su fita sai an ɗauki hotonsu ciki da waje. To ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ina aiki a kasuwar Sinja ta ƙasar Sudan, a shagon wani dattijo, Hajji Tijjani. Shi ne mai shago, ni ne mai duba kaya. Mutane sukan kawo takobi, munduwar azurfa, tsohuwar tasa ko littafin da aka rubuta da hannu, in duba in faɗi tsufansa da darajarsa. In mai kaya yana son sayarwa, sai in rubuta takardar shaida in sa hannu, Hajji ya tura hotuna ta waya ga masu saye a ƙasashen waje.

Abu uku ake dubawa a littafi. Ka ɗaga takardar a hasken rana, in tsohuwa ce za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Ka duba tawada. Sannan ka je warƙar ƙarshe, wato takardar ƙarshe ta littafin, inda marubuci yake sa sunansa da garinsa da shekarar da ya gama. Wannan warƙar masu saye suke biya. Littafin da ba shi da ita kamar saniyar da ba a san garkenta ba ne, kowa da arha yake taya ta.

Baba Sambo manomi ne daga wani ƙauyen Hausawa kusa da Rusairis. Zuwansa na farko, shekara shida kafin ranar da nake ba ku labari, ya ciro littafin addu'o'i daga cikin gafakar fata, warƙoƙi ne a sake ba ɗinki.

"Ɗana, ba saidawa na zo yi ba," in ji shi. "Kakana ya rubuta shi, ya ɗauko shi bisa kai tun daga ƙasar Sakkwato. So nike in san mi Allah ya aje min cikin ɗaki."

Na duba. Komai ya cika: takarda, tawada, da warƙar ƙarshe tsaf, da suna da gari da shekara. Na ce masa wannan ya fi gonarsa daraja. Ya yi dariya ya mayar da abinsa. Wayata tana aljihuna, amma an kawo fatur, kalacinmu na hantsi, wake yana hucewa. Na ce a raina ai ba sayarwa zai yi ba, hoton me zan ɗauka? Wannan lalacin nawa ne, ba na kowa ba.

Ya dawo a daminar farko bayan yaƙi ya ɓarke a Khartum. Kasuwa ta cika da 'yan gudun hijira, kowa yana kawo abin da uwarsa ta bar masa. Wannan karon tare yake da matarsa, Inna Dije, ta zauna a benci bakin ƙofa. Ya rame har sai da ya yi magana na gane shi.

"Ɗiyata Ramatu ce," ya ce. "Ƙoda. Diktor ya ce sai amaliyya, kuma mustashfan da ka yi ta shina da nisa. Ya ce kar mu wuce sati ukku. Halas, shi ke nan, saida shi."

A bakin mutanen can amaliyya tiyata ce, mustashfa kuma asibiti. Na kwantar masa da hankali, na ce littafin zai biya aikin da kuɗin mota har a yi saura. Na buɗe gafaka na tafi kai tsaye ƙarshe. Warƙar tana nan, amma ta yi tauri ta cukuikuye, babu harafi ko ɗaya sai wani dishi-dishin ja-ja. Wanke ta aka yi.

Baba Sambo ya karɓa ya juya ta gaba da baya. Sai muka ji muryar Inna Dije daga bakin ƙofa.

"Ni na wanke ta, Malam."

Ya juya ya zuba mata ido.

"Rubutun allo duk mun ba ta, bai yi ba. Na ce wagga ita ad da sunan Kaka, da hannunshi, ta fi sauran albarka. Addu'o'in ban taɓa ba, na ji tsoron Allah. Na jiƙa ta a ƙwarya na ba yarinya. Wallahi rannan ta yi kwana ba kuka."

Ba wanda ya daka mata tsawa. Kowa a shagon ya san irin wannan aikin, ni kaina da rubutun sha aka raine ni. Uwa ce ta duba ɗakinta ta ɗauki abin da ya fi komai tsada ta ba 'yarta.

Can Baba Sambo ya matso kusa da ni ya rage murya. "Ɗana, kai ka gani da idonka. Ka san abin da ke nan. Maida shi. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Na dubi Hajji Tijjani. Ya kau da kai ya ce, "Hannunka ne a takarda, ya Usman. Ni ban ji ba, ban gani ba."

Zan iya. Na iya haɗa tawadar gargajiya, na iya kwaikwayon hannun mutanen da. Na tuna sunan, na tuna garin, shekarar ce ta ɓace mini, sai dai in ƙirƙira. Na daɗe riƙe da warƙar, daga baya na ce ba zan yi ba. Nakan so in ce tsoron Allah ne kawai ya hana ni, amma gaskiya har da tsoron kada a gano, sunana ya ɓaci a wurin masu saye.

Abin da na yi shi ne na rubuta shaida cewa na ga warƙar da idona kafin a wanke ta, na rantse, na sa hannu. Hajji ya tura wa masu saye huɗu. Uku suka amsa da tambaya guda: ina hoton? Na huɗun ya taya abin da ko motar zuwa asibitin ba zai biya ba. Hajji ya sa hannu a aljihu, ni ma na sa, muka haɗa musu ɗan abin da ya samu. Suka ɗauki littafinsu suka bi motar Rusairis.

Ramatu ta rasu kafin a yanke dawa.

Na je ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha Inna Dije ta aiko a kira ni bakin zaure. Tana tsaye a bayan zana, ba na ganin fuskarta.

"Malam Usman, kai ka san ƙimar kaya. Gaya min tsakaninka da Allah. Da ban wanke ba, da ya isa a yi mata amaliyya?"

Da ya isa, har a yi saura. Na faɗa a gabanta a shago, watakila hankalinta ba ya wurin, watakila kuma so take in janye.

Na ce, "A'a, Inna. Da yaƙin nan kasuwa ta mutu. Ko da warƙar, ba zai kai ba."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi," ta koma ciki.

Shekara talatin ina wannan aiki, wannan ce kaɗai ƙimar ƙarya da na taɓa yi wa kaya. Na ƙi yin ƙarya ranar da za ta iya ceton rai, na zo na yi ta ranar da aka riga aka rufe kabari, kuma har yau ban san wacce za a fi tambayata a kanta ba.

Saboda haka ku riƙe wannan. Mutanenmu ba don kasuwa suke ajiye kayan kakanni ba, don ranar wuya suke ajiyewa, kuma in ranar ta zo ba wanda zai tsaya neman shawararku. Duk wanda ya ce muku dubawa kawai ya zo yi, ku ɗauki hoton, ko da abincinku zai huce.