Nahoda Famau da Igiyoyin Arewa

Shekara arba'in Famau Lali ya yi yana tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska tsakanin Faza da Lamu, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ya bar wa ɗan ƙanensa jirgin ya dawo gida, amma bai bar ba da umarni ba. Ko kaji sai ya nuna musu inda za su bi. Har yau Nahoda ake kiransa, wato shugaban jirgi, ko da yake butar gahawa kaɗai ta rage masa yana tuƙawa.

'Yarsa Zuhura, mai aikin jinya a Mombasa, ita ta aiko da fankar da ke ba da wuta in iska ta juya ta, da batir, da ɗan firji don uwarta, Bi Mwanaheri. Mai haɗawa ya kafa dogon bututun ƙarfe a bayan madafa, ya ɗora fankar, ya fito da wayoyi huɗu zai ɗaure ta gabas, yamma, kudu da arewa.

"Ajiye wayarka," in ji Nahoda. "Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba za ka koya mini tsayar da sanda irin ta jirgi?"

Ya ɗauko igiyoyin ɓawon kwakwa uku, ya ɗaure su duka ta arewa. Haka ake yi a jirgi: gefen da iska ke bugowa ake ɗaure sandar, in an juya sai a mayar da igiyoyin ɗaya gefen. Lokacin kuwa iskar da ake kira kaskazi ce ke busawa daga arewa.

Wata huɗu sandar nan ko gezau. Bi Mwanaheri ta fara sayar da ƙanƙara da ruwan tsamiya mai sanyi, matan unguwa na layi a ƙofarta, ta ƙara ƙiba da fara'a. Nahoda kuwa duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gai da igiyoyi.

Saura kwana uku azumi, ta cika firji maƙil, da hantsi sai iska ta juya. Iskar kusi ce ta iso daga kudu, ba sallama. Igiyoyi ukun nan suka saki jiki kamar na shanya, fanka na kuka, bututu ya fara sunkuyawa kan rufin madafa. In ya faɗi, fanka ta tafi, ƙanƙarar azumi ta bi ta.

"Baban Zuhura! Jirginka zai kife mini a kan tukunya!"

Ya fito da zane a hannu, ya ɗaga kai, ya kurma ihun da rabonsa da shi tun yana teku: "A juya igiya!"

Babu ma'aikatan jirgi a gidan, sai akuya. Amma a rumfar ƙofar masallaci akwai tsofaffi uku suna dara, duk sun yi aiki a ƙarƙashinsa. Jin muryar nan, jikinsu ya tashi kafin hankalinsu. Kombo mai haƙori biyu ne a gaba.

"Nahoda, wata huɗu ba ka juya gidan ba?"

"Rufe baki ka kama igiya, tsohon banza!"

Suka kwance biyu daga turakun arewa, suka zagaya da su kudu, iska na cika musu zannuwa. Turke babu a can. Kombo ya ce a ɗaura a ƙugun Bi Mwanaheri, ai ta fi kowa nauyi yanzu. Ta ce ya zo ya gwada, haƙoran nasa su koma ɗaya. Ita ce ma ta tuna da tsohon anka, ƙarfen tsayar da jirgi, da take ɗaure akuya a jikinsa. Suka jawo shi, suka cusa a gindin bishiyar kwakwa, suka ja da waƙar jan igiya, ita tana amshi. Bututu ya yi ƙara, ya yi jinkiri, ya miƙe.

Da la'asar iska ta lafa. Nahoda ya shiga ɗaki, ya fito da wayoyi huɗun nan daga ƙarƙashin gado. Aka tsayar da fanka, aka haƙa ramuka huɗu, aka binne manyan duwatsu, aka ɗaure ko'ina tamau.

"Ashe yaron nan mai haɗawa ya san aikinsa," in ji Kombo.

"Sa'a ya ci. Gida ne ba ya jin umarni."

Aka saki fanka ta kama juyi. Bi Mwanaheri ta buɗe firji, ta ƙwanƙwasa ƙanƙara da ludayi, ta ji tauri, ta rangaɗa guɗa. Ta miƙo wa tsofaffin kofi-kofi na tsamiya.

"Nawa fa?" in ji Nahoda.

"Ma'aikata tukuna, ranka ya daɗe. Riƙe mini murfin firjin."