Ƙwayar Riƙe Alwala

Yayana tela ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa jin bakinsa ya iya cewa a'a ba. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce na yi masa sharri. Shagonsa yana bakin titi a unguwarmu ta Briqueterie, kusa da masu soya, wato masu tsire, kuma bencin da ke ƙofar ya fi keken ɗinkin aiki, don a nan dattawan layinmu suke yini suna gyara duniya da baki.

Ciwon ya zo masa a hankali. Ƙafa ta fara yi masa nauyi a kan keke, ido ɗaya ya yi hazo ya washe, sai kuma fitsari. Likitar da muka gani ta kira sunan cutar da Faransanci, sclérose en plaques, ta ce jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki ne suke lalacewa, shi ya sa mafitsara take yin gaban kanta. In ta matsa ta matsa ke nan, ga shi ƙafar da za ta kai shi bayi ba ta sauri. Sau ɗaya abin ya kunyata shi a cikin sahu, ya daina zuwa Juma'a. Malamai suka ce yana da uzuri. Ya ce ya sani, amma tabarmar mutane fa? Ya daɗe yana sallar azahar shi kaɗai a bayan shago, kuma wannan ya ci shi fiye da ƙafar.

Daga baya likitar ta duba mararsa da na'ura, ta ga fitsari ba ya saura bayan ya yi, sai ta rubuta masa wata 'yar ƙwaya. Ta ce kullum ne ba fashi, kuma za ta busar masa da baki. Sannan ta dube ni ta ce kada a ba kowa, don akwai wanda in ya sha fitsarinsa zai tsaya cak. Na san unguwar da na fito, amma na ce to.

Ƙwayar ta yi aiki. Bakinsa ya bushe har harshe yana manne masa in yana magana, amma ya fara kai alwalar azahar har la'asar. Ya sa wa kansa ranar komawa Juma'a. Da murna ta yi masa yawa, sai ya ba benci labari.

A wajenmu magani kamar gishiri ne. In ya yi wa wani aiki ya zama na layi, a leƙo a ce sam mini, kuma wanda ya hana za a daɗe ana ba da labarinsa. Wani direban taksi ne ya fara. Ya ce, "Tela, ka sam mini ɗaya mana. Ambuteyaj ɗin Elig-Edzoa, cunkoson motocin nan, zai kashe ni, ba inda mutum zai tsaya." Sai mai soya, wai ba ya iya barin wuta da nama ya zaga. Wata Hajiya za ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, tana ƙyamar bayin jirgi, ta karɓi na zuwa da na dawowa. Akwai wani baba kuma da lafiyarsa ƙalau, ruwan alwala ne kawai yake masa sanyi. Shi ya raɗa wa ƙwayar suna riƙe-alwala.

Ni ban san ana yi ba. Shirun benci ne ya tona su. Mutanen da ke gardamar ƙwallo har a jiyo su a unguwar Tsinga, sai na fito na tarar da su jere suna lasar leɓe, ba mai yawun da zai yi musu. Na shiga na buɗe kwalin maganin, ba ko ɗaya.

Na ce, "Yaya, ina maganinka?"

Ya ce, "Sun roƙa."

"In sun roƙi ƙafarka mai lafiyar fa, sai ka cire?"

"Ke, dattawa ne fa. Da wane baki zan hana su?"

Ashe kwanaki ya yi bai sha ba, yana ta zirga-zirgar bayi yana ɓoye mini. Ga Juma'ar da ya sa ta ƙarato. Na ruga farmasi, suka ce sai da sabuwar takardar likita, likita kuma ba za ta gan mu ba sai wani mako. Sai na yafa mayafi na bi gida gida ina karɓar abinmu, raina a ɓace.

Ba wanda ya yi musu, kuma ba wanda ya bar ni na fita hannu rabbana, don mu ba ma mayar da kwano ba komai a ciki. Direban taksi ya ba ni maganin ciwon kai, ya ce ai duk fari ne. Mai soya ya ƙunsa mini nama har da ƙarin yaji. A gidan Hajiya aka ce ta sauka lafiya, tana godiya, ko sau ɗaya ba ta tashi daga kujera ba. Baban nan mai gudun ruwan sanyi kuwa yana asibiti, fitsarinsa ya tsaya har sai da aka sa masa roba. Matarsa ta ba ni goro, ta ce, "Ki gaida Tela. Malam ya ce bai taɓa ganin magani mai ƙarfi irin wannan ba." Yabo take yi, wallahi. Na dawo da leda cike, ba ƙwaya ko rabi.

Ranar Juma'a ya yi wanka, ya sa kaya, ya yi alwala, ya ɗauki sandarsa. Yana isa ƙofar shago ya juya da sauri. Ya sake alwala, ya sake fitowa, ya sake juyawa. Daga nan ya zauna a kan benci. Mutane suna ta wucewa da dardumarsu, lasifika ta fara huɗuba.

Sai ga direban taksi ya sha farin yadi. Ya tsaya ya ce, "Tela, ba ka tashi ba? Wallahi tun hantsi alwalata ɗaya. Allah ya saka maka da alheri."

Wato ya ɓoye guda saboda Juma'a. Na yunƙura, don na yi niyyar in kwance masa zani a tsakiyar titi, Yaya ya riƙe gefen mayafina. Ya ce wa mutumin, "Amin, Alhaji. Ka sa ni a addu'a."

Titi ya zama ba kowa sai mu biyu. Da aka ta da kabbara ya ce in taimaka masa ya shiga ciki, in ja ƙofa. Na ja, na tsaya a waje. Ban taɓa jin kukan yayana ba sai ranar, kuma yana yi yana danne shi don kada ya dami masu salla.