Mai Ɗorin Tukwanen Tsohuwar Fada

Kullum da hantsi za ka same ta a ɗakin ƙarshen baranda, ta baza tsingaro a tebur, tabarau a karan hanci. Ɗakin nan shi ne madafar fadar shekara ɗari bakwai da suka wuce, har yau rufinsa baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Da masu mulki suka shuɗe, ginin ya zama barikin soja, ya koma ma'ajiyar hatsi, kafin a mai da shi gidan tarihi. Shekara talatin da huɗu ke nan tana harhaɗa tukwanen da masu tonon kayan tarihi ke kawowa a farfashe. Shi ya sa muke ce mata Mai Ɗori.

Ni ke zagayawa da baƙi a gidan, kuma a gabana ta shiga ofishin shugaba, saura kwana biyar a buɗe sabon zaure. Akwai wata babbar randa da ta haɗa daga guntu casa'in, hoton randar ma aka buga a katin gayyata.

"Ranka ya daɗe, a sauke randar nan," in ji ta. "Guntu ɗaya a wuyanta ba nata ba ne. Ni na sa shi shekara ashirin baya, sai jiya na lura yumɓunsu ba ɗaya ba."

Shugaba ya dafe kai. "Haba Goggo! Wa zai gane?"

"Ai na gane. Wadda ta gina ta ba ta nan, balle ta ce na yi mata ƙarya."

Da hannunta ta ɓamɓare guntun. Aka buɗe zauren randar na da giɓi, a gindinta ga ɗan allo mai bayanin kuskuren, da sunan mai kuskuren. Ita ta dage a rubuta. Wasu suka ce tsufa ne, ita kuwa ta koma kan tsingaronta.

Goggo, ke ce kika hana ni ƙaga wa baƙi labari. Tun ranar, in an tambaye ni abin da ban sani ba, sai in ce ban sani ba, kuma ban ga ya rage ni da komai ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ido ya yi rauni. Na tambaye ta me za ta koma yi, ta yi dariya: "Jikoki sun tara mini fasassun kofuna."

Duk faɗin gidan nan, a allon kuskuren kaɗai sunanki yake. Mun gode, Mai Ɗori, Allah ya saka da alheri. Mu da muka rage, duk wanda ya san inda aikinsa ya karkace, ya je ya faɗa da bakinsa tun ba a tambaye shi ba.